Kallon tsuntsayen fadama a lokacin sanyi: abin da masu yi suka ce

Bakinsu ya zo ɗaya kan sammako. Da hudowar rana agwagin ruwa ke fita kiwo, kuma a so rana ta kasance a bayanka, in ba haka ba inuwa kawai za ka gani maimakon launin fuka-fuki. Idan fadamar ta bakin teku ce, a je awa 1 ko 2 kafin ruwan teku ya cika ya hauro, domin shi ke koro tsuntsaye masu dogayen ƙafafu kusa da gaɓa.

Tabarau mai hangen nesa 8x42, wato mai ƙara girman abu sau 8 da faɗin gilashi milimita 42, ya wadatar. Tufafi masu kauri marasa ƙyalli, da safar hannu, don yatsu kan sandare.

Inda aka fi daɗewa ana magana, ni ma nan ya fi taɓa ni, shi ne kada a firgita tsuntsayen. Wasunsu sun keto dubban kilomita daga arewacin duniya, kitsen jikinsu ne guzurinsu, kuma duk tashin razana yana cin wannan guzuri. Ka ga zalɓe ya daina kamun kifi, ya miƙe wuya yana kallonka? To ka matso da yawa, ja da baya a hankali, ka koma rumfar leƙe, wato inda ake ɓuya a kalli tsuntsaye, ka zauna shiru.