Babur ɗina ya ci batir biyu cikin wata biyar, ga tafiyar Yamai a gabana

Ɗan Birni: Assalamu alaikum manya da abokai. Shawara na zo nema. Wata biyar ke nan da na sayi Honda VFR800 ƙirar 2000, na hannu, wanda aka shigo da shi daga Turai. Kilomita 71,000 ne a agogo, in agogon bai yi mini ƙarya ba. A kan kwalta ba ni da ta cewa, Zinder zuwa Takeita kamar ina zaune bisa tabarma. Amma batir biyu ya ci mini. Na biyun jiya ya mutu a bakin Kasuwar Dole da rana tsaka. Abu ya haura kilo 200, ba shi da kik, samari huɗu suka tura ni har muka jiƙe sharkaf, ko tari bai yi ba. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya yana cewa, "Maigida, a kawo igiya in ja ka?"

Sannan zafi. Cikin gari agogon zafi yana haura digiri 100, fanka ta tashi, cinyoyina su gasu. Mai gyaran unguwarmu ya ce a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a sa batir babba, shi ke nan.

Bayan Salla zan je Yamai auren ƙanena, kusan kilomita 900, kuma da shi nake son zuwa. Jaka 300 na ware. Niyyata salansa mai ƙara, fitilun hazo guda biyu, da matatar iska irin wadda ake wankewa. Da wanne zan fara?

Usta na Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka fara da ko ɗaya. Kuma kada ka sayi batir na uku. Batir randa ce, ba rijiya ba. In ba a zuba mata ba, komai girmanta za ta ƙafe.

Ka ari mita wajen masu gyaran rediyo ko masu sola. Babur a kashe, lafiyayyen batir zai nuna volt 12.6 ko sama kaɗan. Ka tada shi, ka ja wuta har allurar juyin inji ta kai 5,000, ka sake aunawa a kan batir ɗin: ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ya tsaya a 12, ba ya caji. In ya haura 15, dafa batir ɗin yake yi, za ka ga ya kumbura.

Daga nan ka bi wayoyi uku rawaya da suka fito daga bobin ɗin inji, mai samar da wuta, zuwa regilato, mai daidaita wutar da ke shiga batir. Akwai soket a tsakani. Ka zare shi ka duba, ka sansana ma. Babur mai shekara sama da 20, ga ƙura ga zafinmu, ƙarfen cikin soket yana yin tsatsa, ya saki, wuta ta riƙa wucewa da ƙyar, wurin ya yi zafi har robar ta narke. Na buɗe irinsa da yawa, sai ka tarar ya yi baƙi kamar gindin tukunya, kana taɓawa yana marmashewa. Soket a zare, inji na aiki, ka juya mita zuwa AC ka auna rawayan nan biyu-biyu, sau uku. Dole ukun su zo daidai da juna, su riƙa hawa in ka ja wuta, su wuce 50 a wajen 5,000. In ɗaya ya gaza, bobin ya ƙone. In sun daidaita, regilato ne ko soket.

Dalilin da turi bai tada shi ba kuwa, ba karbireto gare shi ba. Famfon mai da kwamfutar da ke feshin man duk wuta suke ci. Batir ya mutu murus, ko gari guda ya tura ka a banza.

Ɗan Fagge, Kano: Usta ya gama magana. Ku ce bobin mu ce kwayil, ku ce buji mu ce fulogi, ciwon dai ɗaya ne. Abin da zan ƙara: in regilato ne, ka nemi irin MOSFET, kamar Shindengen FH020AA. Ba ya ɗaukar zafi kamar tsohon samfuri. Sai dai jabunsa ya fi na gaskiya yawa a kasuwa, har lambar suna bugawa a jiki. Ni na fi yarda da wanda aka ciro daga babur ɗin da ya yi hatsari a kan sabo fil a kwali mai arha. In ka tabbatar, ka turo hoton naka da soket ɗinsa, in sa a duba maka nan, in babu a tambaya kasuwar Ladipo a Legas. Motocin Zinder kullum suna tashi, kwana biyu ya iso.

Auta Mai Wuta: Haba manya, ku bar bawan Allah ya ji daɗin kuɗinsa. Injin V4 mai fistan huɗu da salansar kamfani ai kamar a sa wa zaki takunkumi ne. Kuma ƙara tana sa masu mota su san kana tafe.

Usta na Sabon Gari: Auta, salansa a kan babur ɗin da yara ke turawa, wace ƙara za ta yi? Ƙarar takalman masu turi?

Na manta maganar tamostat. Kada a cire. Lagireton VFR biyu ne, a gefe da gefe suke, ba a gaba ba, shi ya sa in kana rarrafe cikin Zango iska ba ta ratsa su sosai. Ya haura 100 kaɗan, fanka ta tashi, ya sauko, wannan aikinsa yake yi. Abin tsoro shi ne ya yi ta hawa fanka na juyawa. Ka cire robobin gefe ka wanke lagireton da ruwa marar ƙarfi, za ka sha mamakin laka da ƙwarin da za su fito. Ka juye ruwan ciki ka sa na sanyaya inji na gaskiya. Ruwan famfo ko na rijiya yana barin farin gishiri a hanyoyin ruwa. Murfin lagireto ma in robarsa ta tsage a sauya, ba shi da tsada.

Malam Na Tudun Jamus: Ni matatar iskar nan ce ta tsaya mini a rai. Wadda ake wankewa a shafa mata mai, auduga ce, ƙofofinta sun fi na takarda faɗi.  Mu nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne kamar garin gero a iska, kuma wannan lallausar ƙurar ita ce ke cin zoben fistan a hankali. Na taɓa sa irinta a wani babur ɗina, hunturu ɗaya na buɗe akwatin iska, na shafa yatsa a bayan matatar, inda ya kamata ya zama tas, yatsan ya fito ja. Ranar na mayar da ta takarda. Ka sayi biyu, ɗaya a ciki ɗaya a ajiye, kuma kada ka jira kilomitan da littafi ya faɗa, littafin bai san Damagaram ba.

Baƙin mai kuma ka duba bayan galan ka ga an rubuta JASO MA ko MA2. Kulocin babur ɗin nan cikin mai yake wanka. Wasu mayukan mota suna da sinadarin santsi da ke sa shi zamewa.

Alhaji Mai Ténéré: Yaro, zan faɗa maka abin da ba ka tambaya ba. Babur ɗinka na kwalta mai laushi ne. Ƙafa inci 17 ce gaba da baya, taya siririyar baki, ciki kusa da ƙasa. Rami ɗaya a guje tsakanin Tasawa da Agye ya isa ya lanƙwasa maka rim, kuma ba a nan za ka sami wani ba. Yamaha da kansu tun 1983 suka sa wa babur ɗinsu na jeji sunan hamadar Tenere tamu, ƙafar gaba 21, mu masu Teneren kuma muna sayen na titin Faransa. Ban ce ka sayar ba, na san zuciya ta riga ta kamu. Amma in za ka je, ka fita bayan asuba, ka kwana Konni, kada magariba ta same ka a hanya. Jaki ba ya da fitilar baya, amalanke ma haka. Ka tambayi direbobin bas labarin hanya kafin ka wuce Dogon Dutsi. Tankinka lita 21 ne, zai kai ka Maraɗi da saura, don haka babu dalilin shan man kwalba a bakin titi. Ka cika a gidan mai duk inda ka samu.

Ɗan Birni: Na gode Baba Alhaji, na ji, kuma zan kwana Konni in sha Allah. Sayarwa dai a yi mini afuwa.

Mai Faci na Hanyar Tanut: Duk kun yi maganar inji, ba wanda ya tambayi taya. Maigida, ka duƙa ka duba gefen tayarka, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Baburan da ake kawowa daga Turai sau da yawa sun yi shekaru a ajiye, zanen taya yana nan kamar sabo amma robar ta bushe ta zama ƙirgi. Irinta ce ke santsi a kwana, ko ta tsage a kwaltar watan Afrilu. Girman naka 120/70 a gaba, 180/55 a baya, duka 17. Iska bar 2.5 gaba, 2.9 baya, a auna da safe kafin taya ta yi zafi, da geji, ba da bugun ƙafa ba. Ka riƙe igiyar faci ta tubles da ɗan famfo a jaka, ƙaya da ƙusa ba su san mai tsada ba.

Sarƙa kuma: ƙafar bayan VFR hannu ɗaya ke riƙe da ita, ba a jan sarƙarta kamar ta ƙananan babura. Ana sassauta ƙusar da ta matse cibiya, a juya cibiyar da wani maɓalli mai kamar lauje. Yana cikin kayan da ke ƙarƙashin kujera in ba a yar ba. Kada ka bari yaron gareji ya sa kurfi da guduma a wurin. A wanke ta da kananzir, ban da esansi, saboda ƴan zobban robar da ke cikinta. Man giya 80W-90 kaɗan ya isa, a goge saura. Giris mai kauri yashi yake tarawa ya zama dutsen niƙa.

Ɗan Birni: Na dawo da rahoto. Na yi cajin batir wajen mai sola na mayar. A kashe 12.5, a 5,000 kuma 12.2. Soket ɗin rawayan Usta kamar yana wurin: gefe ɗaya ya narke, da na ja shi sai ya rabu biyu a hannuna. Bobin ya ba da 61, 60, 61. Regilaton da ke ciki ko suna babu a jikinsa, da alama wani ya taɓa sauyawa kafin ya zo hannuna. Tayar baya 3414 aka rubuta, ta gaba 1916. Na zauna a ƙasa na yi shiru na ɗan lokaci.

Ɗan Fagge, hoto na nan tafe. A haɗa mini da taya biyu da matatar takarda biyu, a faɗa mini abin da ya kama da sefa. Auta, ka yi haƙuri, salansa sai baɗi. Usta, soket ɗin sabo zan nema ko yaya?

Usta na Sabon Gari: Ba sai ka nema ba. Za mu yanke shi mu haɗa rawayan kai tsaye da dalma, kowace da rigarta, mu ja waya mai kauri daga regilato zuwa batir da fis mai amp 30 a kanta. In kaya sun iso ka kawo shi ranar Asabar da safe kafin rana ta yi, ka zo da maɓallin laujen nan in ka same shi. Ka ce wa samarin da suka tura ka su huta, a bayan a-kori-kura za ka ɗoro shi.