Daga Damagaram zuwa Jidda, awa nawa ne a jirgi?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Innata ce za ta Umra in Allah ya yarda, shekarunta 68, ba ta taɓa shiga jirgi ba. Jiya da dare na iske ta bisa tabarma tana shafa man zafi a gwiwa, ta ce mini, "Kakanka da ƙafa ya tafi ta Cadi da Sudan, sai da ya shekara uku kafin ya komo gida. Ni kwana nawa zan yi a sama?" Na rasa amsa. Don Allah wanda ya sani, nisan nawa ne, awa nawa za ta zauna? Gwiwar nan ce ta dame ni, ko salla a kujera take yi.

Na Zengo:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. In ka ja zare daga Damagaram zuwa Jidda, wajen kilomita 3,300 ne. Daga Kano 3,400, daga Yamai kuwa 4,000. Ka ga abin takaicin: Makka na gabas da mu, amma wanda zai tashi ta Yamai sai ya fara nausawa yamma kusan kilomita 900 a mota, sannan jirgi ya sake ɗauko shi ya wuto gabas. Manyan jiragen nan na cin kilomita 800 da wani abu a awa, ka lissafa awa biyar zuwa shida daga filin jirgin Yamai na Diori Hamani in babu yada zango. Sai dai tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jirage da yawa na kauce wa samaniyarta, to tafiyar kan ƙaru. Kuma agogon Saudiyya ya fi namu da awa biyu, kada lokacin sauka da ke kan tikiti ya ruɗe ka.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ɗana, ka kwantar da hankalinka, zaman jirgi bai wahal da ni ba. Motar Yamai ce ta karya ni. Mun tashi da asuba, sai bayan isha muka isa, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ka kai ta da kwana biyu ta huta. Ka roƙa mata kujerar bakin hanya don ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, da keken tura marasa ƙarfi a filin jirgi, tun wajen yankar tikiti ake faɗa. Maganinta ya kasance a jakar hannu. In Jidda za su sauka su wuce Makka, ta yi wankanta tun kafin a tashi, don a sama ake sanar da an zo daidai mikati.

Ɗan Birni:
Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na gaya ma Inna awa shida ne, ta daɗe tana kallona, sai ta ce a yi ma kakana addu'a. Gobe zan je wajen masu tikiti in yi maganar kujerar da keken.