"A bi faɗar malam, kada a bi aikin malam": wa aka yi wa wannan magana?

Mai Awo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta hana ni barci kwana biyu, na ce bari in kawo ta gabanku. Ita ce wadda muke ji tun muna yara: "A bi faɗar malam, kada a bi aikin malam."

Ni mai awo ne, gero da dawa da masara nake sayarwa, shekara 19 ke nan. A layinmu ni nake jan sallar Azahar da La'asar in liman bai zo ba, shi ya sa ake ce mini Malam, ba don wani zurfin karatu ba. Kwano biyu gare ni. Akwai cikakke, wanda nake karɓar kaya da shi a hannun mutanen ƙauye. Akwai kuma wanda nake auna wa masu saye, an ɗan bubbuga gindinsa ya shige ciki, in ba kifa shi ka yi ba ba za ka gane ba. Buhun da ya kamata ya ba ni kwano 40 sai ya ba ni 42. Haka na tarar ubangidana yana yi, haka na ɗora.

Ranar Talata na kama yaron shagona ya danne wa wata tsohuwa canjin naira 200. Na sa ya bi ta ya mayar mata. Da ya dawo na zaunar da shi na yi masa faɗa sosai, har na karanto masa farkon Suratul Muɗaffifin. Kansa na ƙasa har na gama. Sai ya ce a hankali, "Na ji Malam, zan bi abin da ka faɗa. Dama an ce a bi faɗar malam." Bai ƙarasa ba, amma idonsa na kan kwanon nan da ke kife a bakin buhu. Wallahi ba rashin kunya ya yi mini ba, yaro ne mai ladabi. Ni dai ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi, don surar da na karanta masa ni ta siffanta, kalma da kalma: in sun auna daga mutane su cika, in sun auna musu su tauye.

Tambayata ita ce, wannan karin magana hikima ce ko mafaka ce da muka gina wa kanmu?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka iya faɗar wannan a bainar jama'a. Ni a ganina maganar hikima ce, kuma tana da tushe. A cikin Bukhari akwai labarin Abu Huraira lokacin da aka ba shi gadin zakkar fidda kai. Wani ya riƙa zuwa yana ɗiba dare uku, a na ukun ya ce a sake shi zai koya masa abu mai amfani, ya ce ya riƙa karanta Ayatul Kursiyyu in zai kwanta. Da Abu Huraira ya ba Annabi (SAW) labari, sai ya ce masa ya faɗa maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne, wannan Shaiɗan ne. To in an karɓi gaskiya daga bakin Shaiɗan, ina ga malamin da ya yi tuntuɓe?

Magabata don almajiri suka yi wannan magana. Matasa nawa muka gani sun watsar da karatu, wasu har da salla, don sun ga malaminsu ya yi abin kunya? Karin maganar tana ce wa irin wannan yaro: addinin ba na malam ba ne, riƙe abinka.

Maman Hanifa:
Yaya Bazazzagi, ban yarda da kai ba ko kaɗan. Shekarata 12 ina koyar da 'yan mata a Islamiyya, kuma abin da na gani shi ne yaro ƙafarka yake bi, bakinka kuwa saurare kawai yake yi. Na taɓa yin darasi guda a kan giba, na kawo ayar cin naman ɗan'uwa matacce ta Suratul Hujurat, yara har da masu hawaye. Aka tashi tara, na zauna da wata abokiyar aiki a inuwar darbejiya muka kama zancen wata malama da ba ta zo ba. Ban lura ba ashe wata ɗalibata tana bayanmu tana cika buta. Ta dube ni, ta ɗauke kai. Daga ranar ta daina yi mini tambaya a aji, ita da ta fi kowa tambaya. Ba ta daina gaishe ni ba, ba ta daina rubutu ba, amma wani abu ya mutu tsakaninmu.

Bahaushen da ya ce a bi faɗar malam shi ne kuma ya ce in kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Kuma Ibn Sirin, kamar yadda ya zo a gabatarwar Sahihu Muslim, cewa ya yi wannan ilimi addini ne, ku duba a hannun wa kuke karɓar addininku. Bai ce ku karɓa ku rufe ido ba.

Ɗan Tsangaya:
Allah gafarta malamai, ina ganin ku biyun kowa ya kama gefe guda na tabarma. Abin dubawa shi ne bakin da maganar ta fito. In almajiri ya faɗe ta a zuciyarsa don kada zamewar malam ta tafi da shi, ta yi kyau. In malam ne ya faɗe ta don a ƙyale shi, ta zama guba. Alƙur'ani bai ba malam wannan ƙofa ba. Aya ta 44 a Baƙara tana tambaya: kuna umartar mutane da alheri kuna manta kanku? Aya ta 2 da ta 3 a Suratus Saffi sun ce abin ƙi ne mai girma a wurin Allah ku faɗi abin da ba ku aikatawa. A Suratul Jumu'a kuma an kwatanta wanda aka ɗora wa littafi bai yi aiki da shi ba da jaki ɗauke da littattafai.

Akwai wanda ya tsaya inda Malam Mai Awo yake tsaye yau, kuma ya fi mu duka ilimi. Imam Gazali shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya a Bagadaza, ɗalibai kusan 300 ne ke zama gabansa, fadar halifa tana girmama shi. Shi da kansa ya rubuta cewa ya binciki niyyarsa a karantarwar ya tarar ba don Allah zalla take ba, neman suna ne da matsayi. Wajen wata 6 yana kai-kawo, da safe ya ƙudura tafiya, da yamma son duniya ya janye shi, har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, abinci ma ya ƙi shiga. A 1095 ya bar komai ya nufi Sham, sai bayan kimanin shekara 11 ya koma karantarwa a Naisabur. Ba wanda ya kama shi da laifi, abin da yake karantarwa kuma daidai ne. Da ya so da ya ce a bi faɗata kawai, ya ci gaba da zama a kujerarsa. Shi ne daga baya ya rubuta wa wani almajirinsa cewa ilimi ba aiki hauka ne, aiki kuma ba ilimi ba ya yiwuwa.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne wata shidan nan. Gane gaskiya yakan zo a dare ɗaya. Ɗaga ƙafa a bi ta shi ne aikin.

'Yar Maradi:
Ku yi mini haƙuri, ni zan faɗi abin da ba a son ji. Hali zanen dutse. Mutum ya yi shekara 19 da kwano biyu, 'ya'yansa da wannan rarar suka girma, maƙwabtansa na layi duk haka suke yi. In ya koma kwano ɗaya, ko dai ya ƙara kuɗi masu saye su gudu, ko ya bar farashi ya yi asara. Kowace shekara muna ganin mutane suna kuka a wurin tafsiri, kafin a gama azumin Sitta Shawwal kowa ya koma ruwa. Ina tsoron tuban muzuru. Kuma ina ganin don magabata sun san haka ne suka ce a bi faɗar malam, sun san aikin malam ba ya gyaruwa da sauƙi.

Bazazzagi:
Ga wani abin kuma Maman Hanifa. In muka ce sai wanda ya gama gyara kansa zai yi magana, wa zai rage? An ruwaito daga Sa'idu bin Jubair cewa da mutum ba zai yi umarni da alheri ko hani da mummuna ba sai ya zama ba shi da aibi, da ba wanda zai yi. Shin Malam Mai Awo ya yi kuskure da ya sa yaron ya mayar wa tsohuwa kuɗinta? Da ya yi shiru don yana da nasa laifin, da laifi ya zama biyu.

Maman Hanifa:
Ban ce ya yi shiru ba Yaya. Cewa na yi kada ya kwanta a kan karin maganar. Faɗan da ya yi wa yaron daidai ne, saura ya yi wa kansa irinsa.

Tsohon Malamin Tarihi:
Bari in sa baki a matsayin dattijo. A tarihin ƙasarmu akwai misali na kowane ɓangare. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu a wurin Malam Jibril ɗan Umar, yana girmama shi matuƙa, har ƙarshen rayuwarsa yana ambatonsa da alheri. Duk da haka ya saɓa masa a rubuce a kan kafirta Musulmi saboda manyan zunubai. Kun ga ke nan ko faɗar malam ɗin ma ba a haɗiye ta ba taunawa. Wannan gyara ne ga rabin farko na karin maganar, wanda ban ji kowa ya taɓa ba.

Sai ƙanin Shehu, Malam Abdullahi. A 1807, jihadi na tsaka da samun nasara, ya dubi wasu daga cikin jama'ar da suka fito tare don gyara, ya ga hankalinsu ya koma ga mulki da dukiya da dawaki da manyan riguna. Bai ce ai abin da muke faɗa gaskiya ne, a bar aikinmu ba. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar ƙasa mai tsarki. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake shugabanci bisa shari'a, sannan ya koma. Mutumin da ya kasa zama da saɓanin baki da aiki ke nan, ko da a cikin jama'arsa ne.

'Yata 'Yar Maradi, hali zanen dutse ne, gaskiya, amma tauye mudu ba hali ba ne, sabo ne. An haifi mutum da saurin fushi ko sanyin rai, ba a haifi kowa da bugaggen kwano ba. Sayyidina Umar da zafinsa ya shiga Musulunci, zafin bai tafi ba, inda yake fuskanta ne ya sauya. Kuma hadisin Nana A'isha ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Tuban muzuru yakan zo ne daga wanda ya ɗauki alkawari goma a dare ɗaya. Shi Malam Mai Awo kwano ɗaya ne a gabansa.

'Yar Maradi:
Na karɓi wannan Baba, sabo daban hali daban. Amma asarar fa tana nan, kada a ɓoye masa.

Mai Awo:
Na karanta duka, Allah ya biya ku. 'Yar Maradi ta faɗi gaskiya, asarar tana nan, na lissafa ta a daren jiya har sau uku. Kwano 2 a kowane buhu ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali tara.

Yau da safe kafin kasuwa ta cika na kira yaron, na ba shi kwanon na ce ya kai wa maƙeri ya buɗe gindin ya dawo daidai. Ya tsaya yana kallona, na ce masa abin da na karanta maka ranar Talata ni ya fara kamawa. Na kasa haɗa ido da shi lokacin da nake faɗa. Maƙwabcina na dama ya ga abin da ake ciki, ya ce zan dawo hanya kafin kaka. Ban amsa masa ba, don ni ma ban san ƙarfina ba tukuna. Mace ta farko da na auna wa da kwanon bayan an gyara ba ta ma lura ba, ta ƙulle geronta a ɗankwali ta tafi tana neman ragi.

Abin da ya rage mini shi ne na baya. Mutanen da na tauye a shekara 19 ban san yawancinsu ba, wasu sun rasu, wasu baƙi ne da suka wuce. Akwai dai wasu gidaje huɗu da masu ƙosai da kunu biyu da suke saye a wurina tun da daɗewa, su na san ƙofarsu. Ɗan Tsangaya, Baba Malamin Tarihi, ta ina ake fara mayar da irin wannan haƙƙi, kuma dole ne in faɗa musu dalili ko ya isa in riƙa yi musu ƙari har in ga na biya?