Firinta ta sake ɓacewa: a bar kwamfuta ta nemo ta, ko a sa adireshi da hannu?

Mai Sibar, Sabon Gari: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na gama magana: wannan abin da ake cewa kwamfuta za ta gano firinta da kanta a kan rezo, wato haɗin da ke tsakanin na'urori, wahala ce kawai. Jiya shago cike da ɗalibai masu buga takardu, aka ɗauke wuta, muka tada inji. Kwamfuta biyu suka ga firinta, ta ukun ta rantse babu ta, ga ta kuwa a gabanta koriyar fitila na ci. A kashe wannan ganowar, kowa ya sa adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a kan rezo, da hannu a huta.

Mai Gyara, Ali Ɗan Sofo: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka kashe, duba yadda ta ukun ta ɗauki rezon. Windows na raba shi biyu, na jama'a da na gida. In ta ɗauke shi a na jama'a, tana rufe ganowa da gangan. A Windows 11 ma sabon rezo a na jama'a yake fara zama sai ka sauya.

Mai Sibar: To ai kukana ke nan. Rezona ne, da kuɗina na saye ruta, na'urar da ke raba wifi, don me za a ɗauke ni baƙo a shagona?

Mai Gyara: Alhaji, lambar wifinka mutum nawa suka sani? Har mai shayin bakin ƙofa na da ita. In kwamfutar da kake lissafi ta buɗe kanta, duk wanda ya hau zai gan ta. A nan kam saitin ya fi mu hankali.

Ɗan Kasuwa: Ni wani yaro ya kunna mini SMB1, wata tsohuwar hanyar raba fayil da firinta tsakanin kwamfutoci, nan take komai ya fito.

Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Baba, don Allah a kashe maka shi yau. Ta wannan tsohuwar hanyar ce cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi a watan Mayu 2017, ta shiga ƙasashe sama da 150, har aiki ya tsaya a wasu asibitocin Ingila. Daga ƙarshen 2017 aka daina saka shi a kunne cikin sabuwar Windows 10. Tsohon jerin sunayen kwamfutoci da kuka saba gani a kansa ya dogara, shi ya sa ya ɓace, yanzu wata sabuwar hanyar ganowa mai suna WS-Discovery ke aikin.

Ɗan Kasuwa: Ikon Allah. Jika biyu na ba shi.

Malama, sakatariya: Ni ina bayan Alhaji, amma ta wani gefen. Akwai saitin da ke mai da firintar da ka yi amfani da ita ƙarshe ta zama ta kullum, kuma a kunne yake zuwa. Na taɓa buga takarda a ofishin akanta, washegari na tura wasiƙar da ba kowa ya kamata ya gani ba, sai can ta fito. Da gudu na tafi, mayafi a hannu. Wa ya roƙe ta ta zaɓar mini?

Mai Gyara: Wannan kam Hajiya ba ni kāre shi. Ki cire alamar da ke cewa Windows ta kula da firintar, shi ke nan.

Ɗalibi: Maganar Alhaji ma da gaskiya a ciki. Ruta ce ke raba wa na'urori adireshi da kanta, tsarin da ake kira DHCP, kuma wasu ƙanana suna mance wanda suka ba wa in wuta ta tafi. Ta dawo, waya ta riga firinta tashi, ta ɗauke lambarta. Wanda ya tsara abin bai yi lissafin ɗauke wutar watan Afrilu a Maradi ba. Amma in ka rubuta lamba a jikin firinta cikin waɗanda ruta ke rabawa, wata rana na'ura biyu za su yi karo a kai. Ka shiga rutar ka keɓe mata lamba ɗaya da adireshin MAC nata, wato lambar da ta zo da ita daga kamfani.

Mai Sibar: Ka ga? Da hannu ɗin dai aka koma.

Mai Gyara: Firinta ɗaya aka ɗaure, ba a kashe ganowa ba. In ka kashe ta a jikin firintar, masu turo takarda daga waya za su daina ganinta, su kuwa yanzu sun fi yawa.

Mai Sibar: Wannan ban yarda ba sai na gani. Ka biyo bayan la'asar, ka zo da kebul, don na mance lambar shiga rutar.