Selulos da Hausa: ƙashi, jijiya ko zare?

1/ Ƴan uwa masu karatun noma a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da malaman gona da ke zagaya ƙauyukan Maraɗi, ga magana. Kullum "selulos" muke cewa, yadda muka ji shi da Faransanci. Manomin da ke ɗaure karan hatsi kuwa sai ya yi mana kallon mamaki, alhali abin yana cikin hannunsa.

2/ Bafaranshe Anselme Payen ne ya fara ware shi daga jikin tsirrai a 1838. Sukari ne, gulukos, dubbai a jere cikin dogon siririn layi, kuma shi ke riƙe bangon kowace ƙwayar halitta ta tsiro. Kusan kashi 90 cikin 100 na kaɗa shi ne. A itace yakan kai kashi 40 zuwa 50.

3/ Wani dattijo malamin gona ya ce a kira shi "ƙashin tsiro". Malam, Allah ya ƙara girma, amma ƙashin yana da mai shi. Abin da ke sa kara ya yi tauri, akuya ta tauna ta tofar, liginin ne. Akwai dawa da hatsi da wani sauyin gado ya rage musu liginin, tsakiyar ganyensu ta koma ruwan ƙasa, dabbobi kuma suka fi narkar da karansu. A bar wa liginin ƙashinsa.

4/ "Jijiya" kuma ta riga ta yi nauyi. Saiwa jijiya ce, hanyar ruwan ganye ma jijiya ce.

5/ Ni "zare" nake so, kuma tsiron da gadonsa ya ɓaci shi ya ba ni hujja. A 1998 masu bincike a Ostireliya suka bayyana abin da ke damun wani ɗan tsiro, Arabidopsis, da suka sa wa suna rsw1. Canji guda tak ne a ƙwayar gadon da ke sarrafa selulos. A digiri 21 yana girma lafiya lau. Da aka kai shi digiri 31 sai sarrafawar ta ragu, saiwar ta daina tsawo, ta kumbura ta yi kututu. Da a zafinmu na Afrilu aka shuka shi, ko tsira ba zai yi ba.

6/ Me ya kawo kumburin? Ruwan da ke cikin ƙwayar halitta yana tura bangonta ta kowane gefe. Selulos ne ke naɗe ta a kewaye, don haka ba ta da hanyar girma sai tsawo. In naɗin ya yi rauni, sai ta faɗaɗa. Naɗi aikin zare ne. Ko yadda ake yin sa ma kaɗi ne: wasu furotin suna haɗuwa gungu mai kai shida a fatar ƙwayar, suna tafiya suna fitar da siraran layuka, suna haɗa su wuri guda. Kakanninmu mata da mazari a hannu ba za su ga baƙon abu nan ba.

7/ Akwai kuma shinkafar da irin wannan sauyi ya rage wa selulos: ka lanƙwasa karanta, sai ka ji ƙaras, ya karye. A wani tsiron, bututun da ke ɗauke ruwa ne ke lotsewa.

8/ To ga abin da na tsaya a kai: zaren bango. Furotin ɗin da ke kaɗa shi, mazarin bango. Ku gwada a baki: "Mazarin bangon wannan shinkafa ya sami matsala tun daga gado, zarenta ya yi ƙaranci, shi ya sa karan ke karyewa." Manomin Tibiri zai bi wannan magana har ƙarshe.

9/ Wata ƴar uwa ta ce za a ɗauka yanar gizo-gizo ce a jikin ɗaki. Yaya, kin yi gaskiya. A farkon ambato sai a ce "zaren bangon tsiro", daga baya a taƙaita.