Naman sanwicin tsomawa a romo yana bushe mini, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu girki. Akwai wani sanwici na Amurka da ake kira French dip, asalinsa daga Los Anjeles. Ana cusa naman shanu mai laushi cikin burodi, a kawo romon naman a ɗan kwano, mutum yana tsoma yana ci. Shi nake son ƙwarewa a kai, amma abin ya tsaya mini.

Naman kafaɗa nake saye, kilo 1, mai ɗan kitse da jijiya. Nakan soya shi a mai kaɗan har ko'ina ya yi ja, in zuba albasa, tafarnuwa, masoro da dunƙule, in ƙara ruwa ya kai rabin naman, in rufe in bar shi a ƙaramar wuta kusan awa 4. Tukunyar lantarki ba ta yiwuwa a wajenmu saboda rashin wuta, gas nake amfani da shi.

Matsalar ita ce naman yana dahuwa har ya rabu zare-zare, amma a baki a bushe yake kamar dambu. Shin wutar ce ta yi yawa har yake tafasa da ƙarfi, ko cire shi da nake yi daga romon da zafinsa ne ke jawo haka?

Romon kuma kitse yake tasowa sama, ga gishiri ya fito sosai idan ruwan ya ƙafe. Ta yaya kuke kwashe kitsen ba tare da jiran firji ba?

Sai burodi. Namu mai laushi da an tsoma sai ya narke. Wanda bai samu baget ba, wato dogon burodin nan mai taurin ɓawo, gasa na gida a kasko zai wadatar? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.