Musayar Waƙa Kan Mutanen Birazil

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga 'yan baitoci kan ƙasar da nake so tun ina yaro. Mai amsa, ga fili ga mai doki.

Bismillahi da shi nake farawa,
Waƙar Birazil yau nake rerawa.

Ƙasar Pele, gwanin taka leda,
Da ƙafa yake magana, ba ya kasawa.

Kofin duniya biyar suka ɗauka,
Tun 1958 suka soma ɗagawa.

Na biyar a 2002 ya zo musu,
Ronaldo ya zura biyu, Jamus ta kasa ramawa.

Ga dajin Amazon da babu kamarsa,
Ga rake da waken suya, ga gahawa.

Ga bikin Kanibal a birnin Riyo,
Kiɗan samba na tashi, gari na rawa.

Wannan ƙasa ta more zamanta,
Baƙi da fari ba a bambancewa.

Malam Na-Zazzau:
Wa alaikumus salam, ɗana. Baitinka na ƙarshe ne ya hana ni yin shiru.

Ɗana, waƙarka ta yi zaƙi,
Amma a bakin fili ka tsaya,
Shigo ciki in faɗa maka gaskiya.

A 1500 Cabral ya sauka,
Da jiragen sarkin Fotugal,
Ya tarar da masu ƙasa na zaune lafiya.

Cuta da bauta suka cinye su,
Sai aka juyo gaɓar Afirka,
Rake na son hannu, Bature na son dukiya.

Kusan miliyan 5 aka sauke,
Babu ƙasar da ta kai ta karɓa,
Duk yankin Amurka, in an yi ƙidaya.

Cikinsu akwai namu, Hausawa,
Kamammun yaƙoƙin bayan 1804,
Aka kora su kudu, a ƙafa ake tafiya.

Ta ƙasar Oyo zuwa gaɓar Ikko da Wida ta Benin,
Aka danna su a cikin jirgi,
Suka sauka Bahiya ta Birazil da sarƙa a wuya.

A 1807 Hausawa suka ƙulla tawaye,
Aka tona kafin ranar tashi,
A 1814 bayi suka sa wa ƙauyen Itapuwa wuta da safiya.

Sai daren 24 ga Janairun 1835,
Azumi na dab da ƙarewa,
Musulmin Salvador, babban birnin Bahiya, suka ce sun gaji da wuya.

Kimanin mutum 600 suka fito,
Fararen riguna, layu a jiki,
Takubba a hannu, Allah a zuciya.

Yarabawa ne suka fi yawa,
Ga Hausawa, ga Nufawa,
Bawa da 'yantacce duk suka zama ɗaya.

Dandara Bahaushe mai shagon taba,
A nan yake koyar da karatu,
Alƙalami da tawada a ƙasar da ba kariya.

Malam Licutan na cikin kurkuku,
An kama shi kan bashin ubangidansa,
Suka je ɓalle ƙofar, abin ya faskara gaba ɗaya.

Sojan doki ya tare su a bakin teku,
Kimanin 70 suka kwanta dama,
Aka harbe 4 a Mayu, bulala ta ci bayan saura da tsiya.

Hajiya 'Yar Maraɗi:
Allah ya jiƙansu. Malam, Allah ya ƙara basira. Ƙanena Ɗan Fagge, matso kusa.

Malam ya kai mu ƙofar 'yanci,
Bari in ɗora daga inda ya ajiye ta.

Ran 13 ga Mayu, 1888,
Gimbiya Isabel ta sa hannu aka soke bauta.

Birazil ce ta ƙarshe a nahiyoyin Amurka
Da ta yarda ta kwance sarƙarta.

Dokar sashe biyu ce kacal,
Babu gona a ciki, babu makaranta.

Masu gonakin gahawa a São Paulo
Suka kira Italiyawa, jiha ta biya jirgi daga aljihunta.

Wanda kakansa ya share dajin,
Aka bar shi a titi, kowa ya manta.

Sai suka hau duwatsun Riyo,
Suka kafa ɗakin langa-langa, ba ruwa ba wuta.

Favela ke nan, ƙanena,
Ƙidayar 2022 ta sami miliyan 16 a cikinta.

Sambar da kake yabo a nan ta girma,
'Yan sanda sun daɗe suna korar masu kaɗa ta.

Ni dai matan ne ke cin raina,
Mai saukowa tun asuba ta share gidan wata.

Ta reni 'ya'yan uwar ɗakinta,
Nata suna can babu mai kula da su sai 'yarta.

Sai 2013 tsarin mulki ya tuna,
Ya ba ta haƙƙi irin na sauran ma'aikata.

In ka ga mai farin zane a Salvador,
Kaskon manja na tafasa a gabanta,

Ƙosai take toyawa, acarajé sunansa,
Wake da albasa, girkin kakarta.

Da irin wannan talla a da can,
Baiwa kan tara kuɗi har kanta ta 'yanta.

Ɗan Zongo:
Sannu da ƙoƙari Hajiya. Daga Akara nake, kuma ina da tambaya ga Malam.

Bayan tashin 1835 an kori da dama,
Wasu suka biya jirgi suka dawo gaɓarmu.

A Jamestown mutanen Tabom suka sauka,
Gidan Birazil na tsaye har yau a garinmu.

Sun zo da ɗinki da haƙar rijiya,
Akwai masu salla a cikinsu irin tamu.

A Ikko Aguda ake ce musu,
Magina ne, bene da ado suka koya wa namu.

Masallacin Porto-Novo ta Benin je ka gani,
Fasalin cocin Bahiya, alƙibla kuwa tamu.

To Malam, Bature a gaɓa ya tsaya,
Wa ya kamo masa su daga cikin ƙasarmu?

Malam Na-Zazzau:
Tambayar tana kan hanya, ƙanena, kuma ba zan kauce mata ba.

Mu ne, ƙanena, hannunmu na ciki,
Sarakuna da fatake sun sayar,
Don doki da bindiga da wuri na dukiya.

Shehu ya yi Allah wadai da bautar da ɗa Musulmi,
Amma yaƙi ya ci na kowane ɓangare,
Mai salla da maras salla suka haɗu a Bahiya.

Ɗan Fagge:
Na ji ku iyayena. Amma ku ba ni dama in faɗi abin da jikokinsu suka ƙwato da hannunsu.

Zumbi, jagoran gudaddun bayi na Palmares, bai miƙa wuya ba,
A 1695 aka kashe shi yana fafatawa.

Ranarsa, 20 ga Nuwamba, yanzu hutu ce,
Tun 2024 duk ƙasa ke tsayawa.

Bolsa Família ta zo a 2003,
Uwa na karɓar kuɗi, yara na makaranta zuwa.

Dokar 2012 ta ware rabin gurabe
A jami'o'in tarayya don 'yan makarantun gwamnati, har da talakawa.

Baƙi da ruwa biyu sun haura rabin ƙasa,
Yau da bakinsu suke faɗa, ba sa ɓoyewa.

Hajiya 'Yar Maraɗi:
Duk haka ne, ƙanena, kuma na yi murna da shi. Sai dai ga wannan.

'Yar mai wanke-wanke ta zama likita,
Na yi guɗa, Allah ya raya ta.

Amma a 2023 'yan sanda sun kashe sama da 6,000,
8 cikin 10 baƙaƙe ne, lissafin ya tabbata.

Uwa a favela ba ta runtsawa,
Sai ta ji motsin ɗanta a ƙofarta.

Saura maganar masu ƙasa na asali. Wa zai kawo mana baitoci kan 'yan Yanomami da masu haƙar zinariyar da suka zuba musu guba a kogi? Malam, kai muke jira.